Baƙin da Yaƙin Hitila Ya Jefo Gidan Talaka

Tun daga watan Satumba na 1940 sararin Kano ya daina zaman shiru. Jiragen yaƙin Ingila ne suke ratsawa, ayari bayan ayari. A cikin manyan akwatunan katako ake kawo su ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana yanzu, a harhaɗa su a can, sannan su tashi su bi ta Legas, su kwana a Kano, su wuce Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, su shiga Sudan ta Janaina da Fashir, su sauka Hartum, su bi Kogin Nilu har Alƙahira. Duk wanda kakansa ya yi aikin hajji a ƙasa zai gane hanyar nan, don kusan ita ce alhazan ƙafa suke bi, wasu su shekara biyu ko uku ba su kai Bahar Maliya ba. Jiragen kuwa cikin mako guda suke gamawa. Ayarin farko ƙananan jirage shida ne samfurin Hurricane, da babba ɗaya samfurin Blenheim yana yi musu jagora. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya.

Abin da ya jawo wannan dogon zagaye shi ne faɗuwar Faransa a hannun Jamus a watan Yuni na 1940, da shigar Italiya yaƙin a cikin watan nan dai. Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, zagayowa ta ƙarshen Afirka ta Kudu kuma tafiya ce mai cin lokaci, alhali sojojin da ke Masar jirage suke nema yau-yau. Wanda ya buɗe ƙofa shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guyana ta Faransa, wanda a ranar 26 ga Agusta 1940 ya juya wa gwamnatin Faransa ta Vichy, mai bin Jamus, baya, ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya. Kano kuwa ta riga ta san jirgi. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku da suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Shi ne a 1941 aka ɗora a kan rundunar saman da take fafatawa a hamadar Masar da Libiya, wadda dominta jiragen Takoradi suke wannan tafiya.

Nijar ba ta bi sahun Chadi ba. Ita da sauran ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma sun zauna ƙarƙashin Gwamna Janar Pierre Boisson da ke Dakar, mai biyayya ga Vichy, har zuwa Nuwamban 1942. Saboda haka lokacin da Sarkin Kazaure Adamu ya hau gado a 1941, mutumin da ya bi ta Kazaure da Daura ya kai Kwangwalam, ko ya bi ta Dambatta da Ɓaɓura ya kai Babban Mutum, to gabansa kaɗan ƙasa ce da Ingila take yi wa kallon ta abokan gaba. Magarya da Matamai da Damagaram, inda mutanen Roni da Gwiwa da Ɓaɓura suke da dangi da surukai da abokan fatauci, duk suna wancan ɓangaren. Matuƙin da hazo ya ɓatar ya yi arewa ya sauka can, tsare shi za a yi. Faransawan Vichy sun tsare Ingilishi, ma'aikatan jiragen ruwa da na sama, a sansanoni irin na Kulikoro da Tambutu, wasu ma a can aka binne su.

A hanyar Takoradi dai hazo da rairayi da lalacewar inji su suka fi kayar da jirage. Inda ake harbo matuƙa kusan kowane dare shi ne Turai, labarin da masu ilimin boko da na ajami a nan suke tsinta a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Janairun 1939 Abubakar Imam yana edita.

Cikin mutum 125,000 da suka yi aiki a jiragen Ingila masu jefa bam, fiye da 55,000 sun mutu. Wanda ya samu ya fito da lema ya dira a gonar wani a Beljiyam ko Holan ko Faransa, abu biyu ne a gabansa: ko ya miƙa kansa, ko ya ƙwanƙwasa ƙofar mutumin da bai sani ba, ba ya ma jin harshensa. Idan aka kama shi da kakinsa, yarjejeniyar Geneva ta 1929 ta tsaya masa. Fursunan yaƙi ne, sai a ba shi abinci, a ajiye shi a sansani har a gama. Mai gidan da ya buɗe masa ƙofa babu takardar da ta tsaya masa. Ranar 22 ga Satumba 1941 kwamandan sojan Jamus a Faransa, Janar Otto von Stülpnagel, ya sa aka manna sanarwa a bangaye cewa duk namijin da ya taimaki matuƙin abokan gaba za a harbe shi nan take, mace kuma a kai ta sansanin gwale-gwale a Jamus, wanda ya tona asiri kuwa yana da lada har faranka 10,000. Wannan shi ne ɓangaren tarihin yaƙin da ya fi nauyi, shi ne kuma masu ba da labari suka fi tsallakewa da sauri. Soja ya yi rantsuwa, yana karɓar albashi, in ya mutu akwai hukumar da za ta rubuta sunansa a dutse. Matar manomin da ta ɗumama masa miya ba ta yi wa kowa alkawari ba, hukuncinta kuwa ya fi nasa tsanani.

Duk da haka an buɗe ƙofofin. Wata budurwa 'yar Beljiyam mai suna Andrée de Jongh, tana da shekara 24, ta bayyana a ƙaramin ofishin jakadancin Ingila da ke Bilbao a ƙasar Sifaniya a watan Agusta na 1941, tare da wani sojan Ingila da ta rako tun daga Brussels. Ta ce a riƙa biyan kuɗin hanya kawai, ita za ta ci gaba da kawo wasu. Hanyar da ta kafa, wadda aka sani da Comète, gidajen mutane ce jere da juna. Wannan ya ɓoye baƙo 'yan kwanaki, wancan ya samo masa tufafin farar hula, wani ya buga masa katin shaida na jabu, wata yarinya ta raka shi a jirgin ƙasa zuwa Paris. Daga ƙarshe wani ɗan fasa-ƙwauri mai suna Florentino Goikoetxea ya haye da su duwatsun Pyrénées cikin dare, su ratsa kogin Bidasoa da ƙafa. Kusan mutum 800 suka tsira da taimakon Comète, yawancinsu ma'aikatan jiragen sama. An ƙiyasta masu taimakon da aka kama sun kai 700, kusan 290 daga cikinsu ba su dawo ba. Ita Andrée an kama ta ranar 15 ga Janairu 1943 a wani gidan gona kusa da Urrugne. Uwar gidan, Frantxia Usandizaga, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ta mutu a sansanin Ravensbrück a 1945. Mahaifin Andrée, shugaban makaranta ne, aka harbe shi a Maris 1944. Ita ta fito da rai, ta zo Afirka ta yi shekaru masu yawa tana jinyar kutare a Kwango da Kamaru da Habasha da Senegal.

Dabarar Comète gaba ɗaya ta dogara ne a kan cewa Bature idan ya sa rigar Bature ya saje. Baƙar fata ba shi da wannan gata. John Smythe, ɗan Saliyo mai nuna wa jirgi hanya a rundunar saman Ingila, an harbo jirginsu a kan Jamus a Nuwamban 1943. Ya dira da rauni, ya laɓe a wani gidan gona, ba a daɗe ba aka kama shi, ya zauna a sansanin Stalag Luft I har 1945. Amma akwai ƙauyen da ya ɗauki irin wannan kasadar ma. Addi Bâ, Bafillace daga Futa Jalon a ƙasar Gini, sojan Faransa ne da Jamusawa suka kama a 1940 ya gudu. Mutanen Tollaincourt a yankin Vosges suka riƙe shi, magajin garin ya ba shi wurin zama. Daga baya ya shiga cikin waɗanda suka kafa sansanin 'yan gwagwarmaya na farko a yankin. Jamusawa suka kama shi, suka azabtar da shi, suka harbe shi a Épinal ranar 18 ga Disamba 1943. Sai a 2003 Faransa ta ba shi lambar yabo.

Labarin da ya fi kusa da mu a Bama ya faru, inda Ingila take yaƙi da Japan, ƙasar da 'yan mazan jiya suka dawo da sunanta a baki. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa ɗaukar samari soja a Lardin Kano, wanda Kazaure take ciki, da sauran lardunan Arewa, a daidai lokacin da ake diban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos. Runduna biyu aka haɗa daga Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, ta 81 da ta 82, aka fara kai su Indiya ta jirgin ruwa a 1943. Sunayen da suka dawo da su daga can suna nan a ƙofofin barikokinmu: Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Chindit a Zariya.

Runduna ta 81, ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, ita aka tura kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan a ƙarshen 1943. Babu hanyar mota, da adda da diga suka sare ta, fiye da kilomita 100 cikin kurmi da tsaunuka. Kayansu a ka suke ɗauka, abinci da harsashi kuma daga sama jiragen Dakota suke jefo musu. A ƙarshen Fabrairu 1944 sun kai garin Kyauktaw. Sai Japanawa suka zagayo suka ƙwace tudun da ake kira Pagoda Hill, aka shiga ja da baya.

Ana cikin wannan ruɗani wata ƙaramar ƙungiyar asibitin soja, mai lamba 29, take gangarowa a kan kogin bisa gorori da aka ɗaɗɗaure, ba ta da labarin cewa al'amari ya juya. A cikinta akwai Isaac Fadoyebo, ɗan ƙauyen Emure-Ile kusa da Owo, wanda ya shiga soja a 1942 yana da shekara 16. Da safiyar 2 ga Maris 1944, suna bakin ruwa inda suka kwana, Japanawa suka buɗe musu wuta daga ɗaya gaɓar. Ma'aikatan jinya ne, aikinsu ɗaure raunin wasu. Harsashi ya farfasa wa Isaac ƙashin cinyar dama, wani ya same shi a jiki. Wani likita, Kyaftin Brown, ya ba shi ruwa kafin Japanawa su hayo su tafi da shi, ba a sake ganin sa ba. Isaac kuwa suka dube shi suka ga kamar ba shi da sauran kwana, suka bar shi kwance. Waɗanda suka rage da rai suka riƙa cikawa ɗaya bayan ɗaya, har saura biyu, shi da Saje David Kargbo ɗan Saliyo, wanda aka harba a ƙafa.

Mutanen wannan kwari kashi biyu ne, mabiya addinin Buddha da Musulmi, waɗanda yau duniya ta sani da Rohingya. Tun 1942, da Ingilishi suka janye, aka yi mummunan zubar da jini a tsakaninsu. Galibin na farko suka karkata ga Japan, galibin Musulmi ga Ingila. David ya fito daga arewacin Saliyo, inda Musulmi suke da yawa, ya kuma iya wasu addu'o'i. Da mutanen ƙauye suka zo duba su sai ya ce shi Dauda ne, abokinsa Sulaiman, alhali dukansu Kiristoci ne. Isaac bai ɓoye wannan ba lokacin da ya zo ba da labari. Mai karatu yana iya jin wani iri, amma ya tuna mutum biyu ne kwance cikin jini a ƙasar da ba su san kowa ba. Kuma hakan bai rage komai daga darajar abin da ya biyo baya ba, domin in Japanawa suka gano su, wanda ya ɓoye su ba zai tsira da cewa Musulmi ya ɗauke su ba.

Abin da Japan take yi wa masu ɓoye abokan gabanta kuwa sananne ne. A watan Afrilu na 1942 jiragen Amurka 16 ƙarƙashin Laftanar Kanar Doolittle suka jefa bam a Tokyo da wasu birane, mai ya ƙare musu, 15 suka faɗi a ƙasar Sin ko a gaɓar tekunta. Manoma da masunta suka kwashe yawancin mutanen, suka yi jinyarsu, suka fitar da su. Sojan Japan ya huce a kan lardunan Zhejiang da Jiangxi, ya ƙone garuruwa, ya kashe farar hula dubun-dubata. Ƙiyasin Sinawa ya kai mutum 250,000.

Wanda ya ɗauki wannan kasada a kwarin Kaladan shi ne Shuyiman, mutumin ƙauyen Mairong, wanda ba shi da dukiya, ba shi da sarauta. Talaka ne mai mata da ƙananan 'ya'ya. Wasu sun kawo wa Isaac da David shinkafa suka daina don tsoro, wasu ma zuwa suka yi su kwashe ɗan abin da ya rage a jikinsu. Shi ya ci gaba da zuwa. Yana kawo abinci da ruwa, yana duba raunukan, yana kula da inda suke ɓoye a cikin daji. Da damina ta kankama, damina irin ta Arakan wadda ruwan wata guda a can ya fi na shekara guda a Kazaure, sai ya ɗauke su ya kai su gidansa.

A tsaya a auna wannan shawarar da kyau. Mutum biyu ne baƙaƙe, waɗanda babu tufar da za ta sa su saje da mutanen wurin. Ba sa iya gudu, ɗayansu ma ba ya iya tsayuwa. Gidan na gora ne, a ƙauyen da kowa ya san yawan bakin da ke cin abinci a gidan kowa, 'yan sintirin Japan kuma suna wucewa. Maƙwabci ɗaya mai ƙulli a zuciya ya isa ya kawo ƙarshen gidan gaba ɗaya. Matarsa ce take dafa abincin, ita ma ta san abin da ke kanta da 'ya'yanta. Hausawa suna cewa baƙonka annabinka, amma baƙon da ake nufi shi ne wanda ya zo da ƙafarsa, zai kuma koma da ita bayan kwana uku. Waɗannan wata tara suka yi tsakanin daji da ɗakin Shuyiman, a shekarar da ta biyo bayan yunwar Bengal ta 1943, wadda ta kashe mutum miliyan biyu zuwa uku a maƙwabtaka. Duk lomar da suka ci daga rabon iyalin gidan aka cire ta.

Bayan damina runduna ta 81 ta sake shigowa kwarin. A watan Disamba na 1944 sojojin ɓangaren Ingila suka iso yankin Mairong, aka fito da Isaac da David aka kai su asibiti a Indiya. A gida tuni an fid da rai da Isaac. Da ya koma Emure-Ile yana ɗingishi, sai da aka watsa masa ƙasa don a tabbatar mutum ne ya dawo ba fatalwa ba.

Ya yi aikin gwamnati a Legas har ya yi ritaya, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Ya rubuta labarinsa, aka buga shi a Amurka a 1999 da taimakon masanin tarihi David Killingray. Wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, wanda ya taɓa zama wakilin BBC a Nijeriya, ya ci karo da littafin a gidan tarihin yaƙi na Landan, ya nemi Isaac har ya same shi a Surulere. A 2011 ya karɓi wasiƙar godiya daga hannunsa ya tafi Myanmar, kamar yadda ake kiran Bama yanzu, ya bi kogin Kaladan har ya gano iyalin. Shuyiman da matarsa sun daɗe da rasuwa, amma 'ya'yansu suna nan, sun manyanta, suna kuma tune da baƙin nan biyu. Aka karanta musu wasiƙar suna kuka. Tashar Aljazeera ta nuna fim ɗin tafiyar, littafin Phillips kuma ya fito a 2014. Isaac ya rasu a Nuwamban 2012, shekara guda bayan saƙonsa ya isa.

A Turai, da aka gama yaƙi, Ingila da Amurka sun buɗe ofisoshi suna tattara sunayen waɗanda suka taimaki matuƙansu, ana ba su takardun shaida da lambobi. Andrée de Jongh ta karɓi lambar George Medal. Matuƙan da suka tsira sun kafa ƙungiya wadda ta yi shekara hamsin tana kula da tsofaffin masu masaukinsu da marayunsu. Musulmin Arakan, waɗanda da yawansu suka yi wa Ingila aikin leƙen asiri da jagora a ƙungiyar V Force, abin da suka gani daban ne. Ingila ta ba Bama 'yanci a Janairun 1948 ta tafi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar Rohingya ba su da ƙasa. A 2012, shekarar da Isaac ya rasu, rikici ya sake ɓarkewa a yankin, aka ƙone unguwanni, aka tura mutane fiye da 100,000 sansanoni. Daga Agustan 2017 sojan Myanmar ya kori fiye da mutum 700,000 zuwa Bangaladash.

Ranar 11 ga Nuwamba 2019 wata ƙasa ta shigar da ƙarar Myanmar a Kotun Duniya da ke Hague bisa zargin kisan ƙare-dangi, da goyon bayan Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi. Ƙasar ita ce Gambiya, wadda bataliyarta ta ɗaya tana cikin runduna ta 81 da ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944. Ministan shari'arta na lokacin, Abubacarr Tambadou, ya je sansanonin Cox's Bazar a 2018 ya ji daga bakin 'yan gudun hijirar da kansa. Ranar 23 ga Janairu 2020 kotun ta umarci Myanmar ta ɗauki matakan kare Rohingya da suka rage a cikin ƙasar, a watan Yuli na 2022 kuma ta yi watsi da ƙorafin Myanmar na cewa Gambiya ba ta da hurumin kai ƙarar.